Na gyara abu a Lua, C++ bai gani ba. Da na miƙa foyinta kuma manhajar ta fara mutuwa

Nura:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman agaji. Ina rubuta ƙaramin wasan kwamfuta, injinsa da C++, halayen sojojin cikin wasan kuma da Lua 5.4, don in riƙa canja su ba sai na sake harhaɗa komai ba. Kowane soja `struct` ne mai ɗauke da x da y da lafiya, dukkansu suna zaune cikin `std::vector` guda.

Da farko ina kwashe bayanan soja in zuba a teburin Lua in miƙa wa sikirif. Sikirif zai rage lafiya daga 100 zuwa 70, amma in na leƙa ɓangaren C++ sai in tarar tana nan a 100. Sai na koma tura adireshin sojan a memori, wato foyinta, da `lua_pushlightuserdata`, na rubuta fankshan biyu, na karantawa da na rubutawa. Gyara ya fara kamawa. To yanzu kuma da zarar an ƙara sababbin sojoji ana cikin wasa, wani lokaci lafiyar soja ta koma wata lamba mara kan gado, wani lokaci manhajar ta mutu ɗungurungum. Ba kullum ba ne, abin da ya fi ɗaure min kai ke nan. Ta wace hanya ɓangarorin biyu za su riƙa taɓa abu guda lafiya?

Sadiq:
Wa alaikumus salam. Me ya kai ka rubuta wannan da hannu? Ɗauki sol2, laburaren da ke ɗaura C++ da Lua, ka yi `new_usertype<Soja>`, layi biyar an gama. Wahalar da kai kawai kake yi.

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam Nura. Sadiq, a yi haƙuri tukuna, sol2 ba zai warkar da wannan ba. In ya miƙa wa sol2 foyinta zuwa cikin vector, faɗuwar nan dai za ta same shi, sai dai kod ɗinsa ya fi kyan gani.

Matsaloli biyu ne daban. Na farko ba kuskure ba ne ma, haka abin yake: teburin da ka cika kwafi ne, ba shi da wata alaƙa da sojan asali tun daga lokacin da ka gama cika shi. Na biyu shi ne mai haɗari. `std::vector` yana ajiye kayansa a jere a wuri ɗaya. In wurin ya cika aka yi `push_back`, sai ya nemi wani wuri mafi girma, ya kwashe kowa zuwa can, ya saki tsohon. Na kamfailan GCC ninka girman yake yi sau biyu, na Microsoft sau ɗaya da rabi. Duk adireshin da ka riga ka ba Lua yanzu yana nuna wurin da aka saki. In ba a sake amfani da wurin ba tukuna, za ka ga tsofaffin lambobi kamar komai lafiya. In an ba wani abu wurin, ga lambarka mara kan gado. Shi ya sa ba kullum ba ne.

Ka harhaɗa da `-fsanitize=address`, wato ASan mai kama kurakuran memori, ka sake gwadawa, zai nuna maka `heap-use-after-free` da layin da aka saki wurin. Gani ya kori ji.

Amma kafin mu ba ka magani, amsa min wannan: wa ke da ikon kashe soja, C++ ko Lua? Kuma Lua tana ajiye soja bayan fankshan ya dawo?

Nura:
Na gode Malam. Na gwada, kuma abin da ka faɗa ne ya fito, a kan `push_back` daidai. C++ ne ke cire soja in lafiyarsa ta ƙare. Lua kuma tana ajiyewa, kowane soja yana da teburin abokan gābar da yake bi. In na yi `reserve` da babbar lamba tun farko ba shi ke nan ba?

Malam Habibu:
Zai rufe ƙofa ɗaya ya bar ɗayar a buɗe. Ranar da ka cire soja na uku daga tsakiya, na huɗu zai matso gurbinsa. Lua tana riƙe da adireshin na uku, tana ta dukan na huɗu ba ta sani ba. Wannan ma ya fi muni, domin manhajar ba za ta faɗi ba, ASan ba zai yi ƙara ba, wasan ne kawai zai riƙa yin abin da ba ka gane ba.

Injiniya Bilkisu:
Tunda C++ ne mai kashewa, to kada Lua ta taɓa riƙe adireshi. Ka ba ta tikiti. Kamar lambar ɗaki ce a masauki: lambar ba ta canjawa amma baƙon da ke ciki yana canjawa, don haka tikitin ya ɗauki lambar ɗakin da kuma shaidar wane baƙo ake nufi.

A aikace, lambobi biyu: lambar gurbi da lambar zubi. Ba ka matsar da kowa in soja ya mutu. Gurbinsa kake yi wa alamar fanko, ka ƙara ɗaya a kan lambar zubin gurbin. Sabon soja zai iya shiga wurin daga baya. Duk lokacin da Lua ta zo da tikiti:

```
Soja* nemo(Tikiti t) {
    Gurbi& g = gurabe[t.gurbi];
    return (g.cike && g.zubi == t.zubi) ? &g.soja : nullptr;
}
```

In ta dawo da `nullptr`, ka jefa wa sikirif kuskure mai ma'ana da `luaL_error`, "wannan soja ya riga ya mutu", tare da layin da ya jawo. Vector ya yi ta ƙaura yadda yake so, ba ruwanka, domin adireshin da `nemo` ta bayar ba ya wuce tsawon kira ɗaya.

Sannan ka bar `lightuserdata`. Ba shi da nau'i, duk irinsa a cikin Lua metatable guda suke rabawa, wato teburin da ke fayyace halayen abu, don haka ba ka da yadda za ka gane an miƙo maka bindiga a madadin soja. Yi cikakken userdata, wato guntun memori da Lua ke kula da shi, da `lua_newuserdatauv`, ka saka tikitin a ciki, ka ɗaura masa metatable mai suna "Soja". `luaL_checkudata` zai tantance nau'in, `__index` da `__newindex` kuma su ba ka `soja.lafiya` da `soja.lafiya = 70` kamar tebur na gaske.

Sadiq:
Injiniya, da girmamawa, wannan komawa baya ne. Tun C++11 muna da `shared_ptr`, foyintan da ba ya sakin abu sai mai riƙe da shi na ƙarshe ya sake shi. A saka shi cikin userdata, `__gc` ya sake shi, shi ke nan. Muddin Lua tana riƙe da sojan ba zai ɓace ba, babu faɗuwa, babu tikiti, babu lambar zubi.

Injiniya Bilkisu:
"Ba zai ɓace ba" ɗin nan ita ce matsalar, Sadiq. Nura yana so sojan ya ɓace. An harbe shi, injin ya cire shi daga fili, amma yana nan da rai a teburin wani sikirif, ana binsa ana rage masa lafiya. Ka kauce wa faɗuwa ka samu fatalwa.

Malam Habibu:
Bari in ƙara a kan na Injiniya, domin `shared_ptr` a bakin iyakar nan yana da ramuka uku da na sani.

Lokacin mutuwa ya fita daga hannunka. Distrakta, fankshan ɗin da ke share abu in ya mutu, ba zai gudana ba sai mai kwashe shara na Lua, mai sakin memorin da aka daina amfani da shi, ya ga dama. In abin yana riƙe da fayil a buɗe ko wuri a katin hoto, zai ci gaba da riƙewa.

Sannan Lua ba ta san nauyin abin ba. Ita abin da take gani userdata ne ɗan mitsitsi, bayit 16 na `shared_ptr` a injin 64-bit. Ba ta san akwai megabayit 50 na hoto rataye a bayansa ba, don haka ba ta ga dalilin gaggawa. Memori yana cika, ita tana ganin gida a share yake.

Na ukun ya fi wuyar kamawa. A ce sikirif ya yi `soja:in_an_buge(function() soja:gudu() end)`. C++ ya adana fankshan ɗin da `luaL_ref`, wato ya kafe shi a registry, teburin Lua na ɓangaren C, inda mai kwashe shara ba ya taɓawa. Fankshan yana riƙe da userdata, userdata yana riƙe da `shared_ptr`, shi kuma yana riƙe da sojan da ke riƙe da ref. Zobe ya rufe. Lua ba ta ganin rabin da ke C++, C++ ba ya ganin rabin da ke Lua, babu mai sakin wani har a kashe manhaja.

Sadiq:
To a sa `weak_ptr` mana. Injin ya riƙe `shared_ptr`, Lua ta riƙe mai rauni, kowane kira a yi `lock()`. In ya mutu a samu fanko.

Injiniya Bilkisu:
Wannan zai yi aiki, ban musa ba. Amma duba abin da ka rubuta: riƙo wanda ba mallaka ba, ana tantance shi kowane kira. Tikitin ne ka dawo gare shi ta bayan gida. Bambancin da ya rage na tsari ne. Da `weak_ptr` kowane soja yana zaune a nasa wurin daban a memori, da ɗan ƙullin ƙidayarsa, kuma `lock()` yana taɓa ƙidaya ta atomic. Da tikiti suna nan a jere, zagaye a kansu ya fi sauri, kuma lambobi biyu ne da za ka iya rubutawa a fayil ko ka tura ta intanet. In abubuwan ɗari biyu ne, ɗauki `weak_ptr` ka huta. In dubbai ne ana zagaya su sau 60 a daƙiƙa, ni tikiti zan ɗauka.

Sadiq:
Na yarda da rabin. Amma har yanzu akwai inda `shared_ptr` ɗin ya fi. In sikirif ne ya ƙirƙiri abin don kansa, misali wani lissafin hanya da injin bai damu da shi ba, me zai sa a yi masa gurbi?

Malam Habibu:
A nan kana da gaskiya, kuma ba ka ma buƙatar `shared_ptr`. Abin Lua ne, to ya zauna cikin userdata kansa: ka nemi wuri da `lua_newuserdatauv`, ka gina shi a ciki da placement new, `__gc` ya kira distrakta. Mai kwashe shara na Lua ba ya matsar da abu daga inda yake, don haka adireshin yana nan daram muddin abin na raye. Abu ɗaya za a kiyaye: tun daga 5.2, sai `__gc` yana cikin metatable kafin a ɗaura shi a kan abin. In ka ƙara shi daga baya ba za a kira shi ba, kuma babu wanda zai gaya maka.

Zainab:
Sannunku da ƙoƙari. Ni Python nake yi da pybind11, laburaren da ke ɗaura shi da C++, ba Lua ba, amma ina karanta tambayar Nura na ga kamar a gidanmu aka yi. Matsalolinsa biyu duka suna nan, har suna da suna a takardun laburaren.

In fankshan na C++ ya dawo da reference, abin da pybind11 ke yi in ba ka ce komai ba shi ne kwafi. Ka gyara a Python, asalin bai motsa ba. In kuma foyinta ya dawo da shi, sai ya ɗauka an ba Python mallaka, ya yi `delete` in ƙidayar riƙo ta kai sifili. In foyintan na wani abu ne da C++ ke ci gaba da amfani da shi, an share shi sau biyu ke nan. Shi ya sa akwai `return_value_policy`. Wanda na fi amfani da shi `reference_internal`: ba kwafi, ba mallaka, kuma uwar abin ba za ta mutu ba muddin ana riƙe da ɗan.

Wanda ya fi cin sababbin shiga shi ne `pybind11/stl.h`. Yana mayar da `std::vector` zuwa list na Python, amma kwafi ne kowane ƙetare. Mutum ya rubuta `runduna.sojoji.append(x)`, babu kuskure, babu gargaɗi, kuma babu abin da ya ƙaru, domin ya ƙara ne a kan list na wucin gadi da aka jefar nan take. Sai ka sa `PYBIND11_MAKE_OPAQUE` da `bind_vector` kafin gyaran ya isa asali.

Nura:
Malama Zainab, to a Python ya ake yi da ƙaurar vector ɗin? Ko can ma faɗuwa ake yi?

Zainab:
In kai ka rubuta ɗaurin ba ka kula ba, ana faɗuwa sarai. Amma Python kansa yana da wata dabara da ta burge ni. Gwada wannan:

```
b = bytearray(10)
m = memoryview(b)
b.append(1)
```

Zai ƙi, ya ce `BufferError: Existing exports of data: object cannot be re-sized`. Wato muddin wani yana leƙen cikin memorin kai tsaye, an hana mai shi ƙaura. Ka saki `m`, sai ya yarda. Wannan ƙa'idar buffer ce, kuma da ita NumPy, laburaren jerin lambobi na Python, ke iya kallon memorin da C ya tanada ba tare da kwafin ko bayit ɗaya ba. Hanya ta uku ke nan bayan kwafi da tikiti: aro, tare da kulle mai abin har a dawo da shi. Ta dace da manyan jerin lambobi, ba ta dace da sojojin da ke mutuwa kowane lokaci ba.

Manyan manhajoji ma tantancewar nan suke yi. Duk mai PyQt ya taɓa ganin `wrapped C/C++ object of type QLabel has been deleted`. A Blender kuma `StructRNA of type Object has been removed`. Mutane suna jin haushin saƙonnin nan, ni kuwa ina ganin alheri ne. Wani ne ya zauna ya rubuta binciken da ya mayar da faɗuwa ta zama kuskuren da za ka iya karantawa.

Nura:
Na fara gina tikitin, yana tafiya. Sai dai ga sabuwa. In na nemi soja ɗaya sau biyu, `a == b` tana ba ni false. Kuma ina amfani da soja a matsayin mabuɗin tebur, `an_gani[soja] = true`, daga baya in duba sai in samu nil.

Injiniya Bilkisu:
Domin kowane turawa kana ƙera sabon userdata. Tikiti iri ɗaya ne a ciki, amma a wurin Lua abubuwa biyu ne. `__eq` zai gyara maka `==`, amma ba zai gyara mabuɗin tebur ba, domin tebur ba ya kiran `__eq` wajen neman mabuɗi, ainihin abin yake dubawa. Maganin shi ne soja ɗaya, userdata ɗaya. Ka ajiye tebur a registry da ke haɗa tikiti da userdata ɗinsa. Kafin ka ƙera sabo ka duba ko akwai. Ka sa masa `__mode = "v"` don kada teburin ya hana kwashe waɗanda ba a amfani da su.

Baba Yakubu:
Salamu alaikum. Na daɗe ina bin zancen ban sa baki ba. Bilkisu 'yata, kin ce ya jefa kuskure da `luaL_error`, daidai ne, amma ba a gaya wa yaron nan abin da ke ƙarƙashinsa ba.

Da C aka rubuta Lua. In an harhaɗa ta a matsayin C, kuskurenta da `longjmp` yake tafiya. Tsalle yake yi daga inda kake zuwa `lua_pcall` mafi kusa, bai san wani abu wai shi distrakta ba. In kana da `std::string` ko `lock_guard` a cikin fankshan ɗin lokacin da aka yi tsallen, ba za a share su ba. Na farko yoyon memori ne, na biyu kulle ne da ba za a sake buɗewa ba. A ƙa'idar C++ ma wannan tsallen ba shi da tabbataccen sakamako. Kuma ba `luaL_error` kaɗai ba. `luaL_checkinteger`, `luaL_checkudata`, duk wani mai farawa da `luaL_check` yana iya tsalle. Har `lua_pushstring` in memori ya ƙare.

Hanya biyu ce. Ko ka harhaɗa Lua ɗin kanta da kamfailan C++, a nan za ta koma amfani da `throw` da `catch`, distrakta su yi aikinsu. Ko kuma ka ɗabi'antu da yin duk binciken hujjoji a farkon fankshan, kafin ka ƙirƙiri wani abu mai distrakta. Ta ɗaya gefen kuma, kada ka bar eksefshan na C++ ya ratsa ta cikin Lua da aka harhaɗa da C. Kama shi a bakin ƙofa, ka fita daga `catch` ɗin, sannan ka mayar da shi kuskuren Lua.

Injiniya Bilkisu:
Gaskiya ne Baba, Allah ya ƙara girma. Nura, in ka bi ta farko, ka cire `extern "C"` daga inda kake shigo da kanun Lua, wato kada ka yi amfani da `lua.hpp`, in ba haka ba linka zai ce bai ga sunayen ba.

Sadiq:
Baba ya kawo hujjata da kansa. Irin waɗannan ramukan ne ya sa na ce a ɗauki laburare tun farko. Mutanen da suka rubuta sol2 sun riga sun faɗa cikinsu sun fito.

Baba Yakubu:
Ka ɗauka, ɗana, ban hana ba. SWIG yana nan tun shekarun 1990 yana rubuta wa mutane irin wannan ɗauri, kuma ya taimaki jama'a da yawa. Abin da laburare ba zai yi maka ba shi ne ya san wa ke da sojan. Kai za ka gaya masa. In ka gaya masa ba daidai ba, zai aiwatar da kuskurenka cikin biyayya.

Malam Habibu:
Akwai abin da ba mu taɓa ba, kuma rabin tambayar ne: gyaran kansa. Nura, me zai faru in sikirif ya rubuta `soja.lafiya = -40`, ko `soja.lafiya = "da yawa"`?

Nura:
Na biyun `luaL_checkinteger` zai kama. Na farkon zai shiga kawai.

Injiniya Bilkisu:
Shi ya sa ni ba na barin sikirif ya rubuta irin wannan kai tsaye. `soja.lafiya` a karanta kawai. Mai son ragewa ya kira `soja:rauni(40)`. A nan ne injin zai tsayar da ita a sifili, ya yi alamar mutuwa, ya sanar da masu jira. In ka bar rubutu kai tsaye, wata rana za ka samu soja mai lafiya ƙasa da sifili yana yawo a fili domin babu wanda ya gaya wa injin ya mutu.

Malam Habibu:
A kan lafiya na yarda. Amma kada a wuce gona da iri. Na ga ɗaurin da komai sai `set_kaza` da `get_kaza`, har launin riga. Masu rubuta sikirif suka gaji suka daina amfani da shi. Ai `__newindex` fankshan ne na C++, duk binciken da za ki yi a `rauni` za ki iya yi a can. Abin da ba ya jawo komai in ya canja, a bar shi a rubuta shi kai tsaye.

Injiniya Bilkisu:
Za a iya, Malam, amma mai karanta `soja.lafiya = 0` ba zai yi zaton layin nan zai iya kashe soja, ya kira sikirif uku, ya canja jerin da ake zagayawa ba. Mai karanta `soja:rauni(40)` ya san wani abu zai faru. A kan launin riga ba mu da saɓani.

Wannan ma ya tuna min. Nura, injinka yana zagaya sojoji yana kiran Lua a kan kowanne, ko? In sikirif ya ƙirƙiri soja ko ya kashe wani ana tsakiyar zagayen, ka koma gidan jiya, wannan karon a ɓangaren C++: `Soja&` ɗin da zagayen ke riƙe da shi ya tashi aiki. Kada ka aiwatar nan take. Ka tara buƙatun ƙirƙira da na kashewa a layi, in zagaye ya ƙare ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Kuma duk inda C++ ya kira Lua ya dawo, ya sake `nemo` sojan, kada ya amince da foyintan da ya riƙe kafin kiran.

Sadiq:
Tambaya ta gaskiya, ba gardama ba. Duk wannan tantancewar ba za ta kashe sauri ba? Kowane `soja.x` sai an bi ta `__index`, an duba nau'i, an kwatanta sunan filin, an nemo gurbi. Da LuaJIT, wani injin Lua mai sauri, da FFI ɗinsa, hanyar taɓa kayan C daga sikirif, sai ka bayyana struct ɗin kawai, sikirif ya taɓa memorin kai tsaye, kusan saurin C.

Baba Yakubu:
Saurin gaskiya ne, Mike Pall, marubucin LuaJIT, ya yi aiki a wurin nan. Amma FFI foyinta tsirara yake ba ka, babu mai duba maka iyaka ko mutuwa. Ka dawo kan matsalar da aka buɗe zancen da ita. In kai kaɗai ke rubuta sikirif ɗin, ka san abin da ka ɗauka. In baƙi za su rubuta, kada ka kuskura ka bar musu FFI, domin ka ba su dukan memorin manhajar ne.

Sannan LuaJIT a kan harshen 5.1 yake. Lambobinsa na yau da kullum double ne, ba sa riƙe cikakkiyar lamba daidai in ta wuce 2 sau 53 a ninke, wato 9,007,199,254,740,992. A 5.3 aka kawo intija mai bit 64. Don haka dabarar cusa gurbi mai bit 32 da zubi mai bit 32 cikin lamba ɗaya tana aiki a 5.4 da Nura ke kai, a can kuwa za ta lalace shiru in lambar zubi ta girma.

In sauri ya dame ka, rage yawan ƙetare. Maimakon sikirif ya zagaya soja dubu yana tambayar x da y na kowanne don ya sami na kusa, ba shi `na_kusa(soja, nisa)` a C++, ƙetare ɗaya. Amma ka auna tukuna.

Zainab:
Haka yake a wurinmu. Zagaye a Python kan jerin NumPy ɗaya-ɗaya jinkiri ne, kira ɗaya kan dukan jerin shi ne sauri. Kuma tunda an zo nan, a kula da zaren aiki. A Python sai ka riƙe GIL, babban kullen da ke barin zare ɗaya kawai ya yi aiki a lokaci guda, kafin ka taɓa kowane abu nasa daga zaren C++. An fara gwajin cire shi a 3.13, amma wanda aka saba da shi yana nan da kullensa. Lua ba ta ma da kullen, `lua_State` ɗaya zare ɗaya a lokaci guda, kai za ka tabbatar da hakan.

Nura:
Alhamdu lillahi, Allah ya saka wa kowa da alheri. Tikiti ya zauna, na harhaɗa Lua da C++, kashewa da ƙirƙira suna jiran ƙarshen zagaye, ASan ya yi shiru. Saura ƙaramin abu. Na ba sikirif dama ya liƙa wa soja nasa bayanan, kamar `soja.yanayi = "tsaro"`. In `__newindex` bai san sunan ba, sai ya zuba a wani tebur da na rataya wa userdata da `lua_setiuservalue`. Yana aiki, amma bayan ɗan lokaci sai `yanayi` ya koma nil shi kaɗai, alhali sojan yana raye.

Malam Habibu:
Teburin nan mai `__mode = "v"` ne. In babu sikirif ɗin da ke riƙe da sojan a wannan lokacin, mai kwashe shara ya ɗauke userdata ɗin, ya tafi da teburin da ka rataya masa. Da aka sake neman sojan sai aka ƙera sabo, fanko.

Injiniya Bilkisu:
Haka ne. Riƙo mai rauni ya dace ne lokacin da userdata ba ya ɗauke da komai sai tikiti. Yanzu da yake ɗauke da kaya, cire `__mode` ɗin, teburin ya riƙe shi da ƙarfi muddin sojan na raye. A wurin da injin ke kashe soja, inda kake ƙara lambar zubi, ka sa nil a gurbinsa na teburin, ka yi `luaL_unref` na duk fankshan ɗin da ya yi rajista. Don gwaji, kira `collectgarbage()` a ƙarshen kowane zagaye na ɗan lokaci. In akwai sauran irin wannan za su fito nan take maimakon bayan minti goma.

Nura:
Na cire, na sa `collectgarbage()` kowane zagaye, `yanayi` yana nan bai ɓace ba. Gobe in sha Allah zan buɗe wata tambayar a kan adana wasa a fayil, domin yanzu rabin bayanan soja yana C++ rabi yana Lua.